Tafi Ɗaya da Yatsu Uku

Kwanana uku a Paris na gane an yi mini sakiyar da ba ruwa. Na tashi da sassafe, na ci ado da atamfata a ƙarƙashin wata ƙatuwar rigar sanyi ta aro, na rungumi jakar zane-zanena, na bi adireshin lakwal ɗin da aka ce ta ba ni gurbin koyon zane. Na tarar da ƙofa a garƙame. Wata tsohuwa mai share matakala ta dube ni daga ɗankwali har takalmi, ta ce makarantar ta rufe wata biyu da suka wuce, kuma ni ce ta huɗu da ta zo da jaka irin wannan. Na kira mutumin Yamai da ya shirya mini takardu. Ya ce, "Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki, zan kira ki." Har yau ina jiran kiran nan. Allah ya isa tsakanina da shi.

Na zauna a kan matakalar da matar ta gama sharewa, ba ta kore ni ba. Izinin zaman da ke hannuna na ɗaliba ne, na shekara ɗaya tak. In shekara ta zagayo ba ni da takardar wata makaranta da hukuma ta sani, sai in tattara komatsaina in koma Damagaram hannu rabbana. Komawar ba ita ta fi damuna ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne fuskar babana, don shi kaɗai ya tsaya mini lokacin da dangi ke cewa mace da zane-zane a ƙasar Turawa ai shiririta ce.

Sunana Rakiya. Babana Malam Habu mai zayyana ne a unguwar Birni, shi ke yi wa allon masu saukar Alƙur'ani ado. Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa ba ya kirana sai Uwata. Tun ban kai tsawon turmi ba nake dama masa tawada, gawayi da ƙaro, kuma a gindinsa na koyi jan layi ba da abin awo ba.

Wadda ta sauke ni ita ce Hajiya Hinda, wata Bamaraɗiya da ke hawa na tara a wani bene a unguwar La Courneuve, ƙawar gwaggona. Da na koma na gaya mata, ba ta ce kash ba, ba ta ce sannu ba. Ta zuba mini shinkafa da miya, ta jira na cinye, sannan ta ce, "To ɗiyata, kuka ya ƙare? Me hannunki ya iya?"

Na ce na iya zane.

Ta ce, "Zane ba ya shiga tukunya. Kin iya lalle?"

Haka na zama mai lallen amare. Duk ranar Asabar ina cikin metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da 'yar jakata, yau gidan 'yan Mali, gobe gidan 'yan Sanagal, jibi gidan namu 'yan Tawa. Sanyin hunturun nan ya ci mini yatsu har sai na riƙe kofin shayi kafin in iya matsa lalle. Na ga halin mutane iri-iri. Akwai uwar amaryar da ta sa na yi wa mata goma sha ɗaya, ta sallame ni da robar cincin da addu'a. Akwai kuma wani direban bas da ya ga na yi barci na wuce tashata, ya bar ni har ƙarshen layi ya dawo da ni, bai tambaye ni tikiti ba. Aikin lalle kuwa doka ɗaya gare shi: kar ki bar fili. In kin bar wuri kamar ƙwayar gyaɗa a bayan hannu, sai ƙawar amarya ta nuna shi da farce ta ce, "Nan fa? Ko lallen ya ƙare ne?"

Kewar gida ba ta kama ni a titi, sai in na yi sallar asuba. Lokacin ne a gida Baba ke fito da allunansa ƙofar zaure. A nan kuwa in na leƙa taga ba abin da nake gani sai wani benen irin namu, da fitilun mutanen da ban sani ba. Na yi kuka a tagar nan ba sau ɗaya ba, ba kuma na jin kunyar faɗa.

Makarantu na bi su kamar mai talla. Wannan ta ce lokaci ya wuce, waccan ta ce sai wani sanannen mai zane ya tsaya mini. Wa ya san ni? Wata biyar suka tafi a haka.

A unguwar Belleville nake sayen takarda, a wani ɗan kanti na 'yan Sin, don ya fi araha. Ran nan ruwa ya tsare ni a ciki. Ina tsaye sai na ji wani wari da ya tsinka mini zuciya, warin baƙin hayaƙi da ruwa, sak zauren Baba. Na bi hancina har bayan kanti. Wani tsoho siriri na zaune a wani ɗaki mai faɗi, yana goga wata baƙar sanda a kan dutse mai ɗan rami, ruwan na yin baƙi a hankali. Tawada yake niƙawa. Ni kuwa bakina ba ya da linzami. Ban gaishe shi ba, ban san sunansa ba, na ce masa da Faransanci, "Ta yi ruwa."

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Ta ina kika sani?"

Na ɗiga ɗigo ɗaya a farcen babban yatsana, na karkata hannu yadda Baba ke yi. Ɗigon ya gangara. Na ce, "A garinmu in ta gudu daga farce, ba a kai wa malam."

Ya yi dariyar da ta ƙare da tari, ya miƙo mini sandar ya ce in gyara. Na niƙa har kafaɗata ta yi tsami. Ya ce tasu da hayaƙin ice da danƙo ake yi, na ce tamu da gawayi da ƙaro. Ya ce ashe 'yan uwa ne. Sunansa Shen. Na kira shi Malam Shen, ya tambayi ma'anar malam, na gaya masa, ya ce bai ƙi ba.

Sai da ruwa ya ɗauke na lura da abin da ke rataye a bango. Daga bakin ƙofa ka rantse duwatsu ne da kogi. In ka matso, babu dutse babu kogi, sai jan alƙalamin gashi, wani wuri baƙi ƙirin, wani wuri kamar tawadar ta gaji. Ya ce yana yaro aka koya masa zanen duwatsu da ruwa irin na kakanninsa, har ya iya shi ido rufe. Da ya zo Paris ya ga na Turawan zamani, waɗanda ba sa kwaikwayon komai, launi ne da layi kawai, sai barci ya ƙaurace masa. Shekara arba'in ke nan yana neman inda biyun za su zauna a tabarma ɗaya. Ni abin bai ba ni mamaki yadda ya zata ba. Na ce ai babana bai taɓa zana abu mai rai ba, kuma ba wanda ya taɓa ce masa zayyanarsa ba ta da ma'ana.

Ba zane kawai yake yi ba, bugawa yake yi. Zai yi zanen a siririyar takarda, a manna ta a kife a kan katako mai santsi, a murje bayanta da ɗan yatsa har tawadar ta bayyana. Daga nan a ɗauki wuƙa a sassaƙe duk inda ba tawada. Abin da ya rage a tsaye shi ake shafa wa tawada, a shimfiɗa takarda, a goge bayanta, zanen ya hau. Wato duk farin da ka gani a takarda, wani ne ya zauna ya haƙe shi da hannu. Hannun Malam Shen bai rawa in ya riƙe alƙalami, amma da wuƙa ya soma cin amanarsa. Nawa hannun kuwa lalle ya horar da shi.

Ya ce in riƙa zuwa ina taya shi sassaƙa. Na yi wata huɗu ina zuwa kullum ban da Asabar. Ba mai yawan magana ba ne. In na yi daidai ya ce "hm," in na yi kuskure ya ce "hm," sai da na daɗe na iya rarrabe su. Da azahar yakan fita ya sha iska don in samu wurin salla, ko da ana ruwa, bai kuma taɓa cewa don ni ba ne. Ran da na gaya masa zancen takarduna, ya ce akwai wata makarantar masu bugun zane a Lyon, hukuma ta san da ita, shugabarta Madam Kiler tsohuwar ɗalibarsa ce. Za su nuna ayyukansa a can cikin watan Yuli. In muka gama katakon ƙarshe lafiya, zai rubuta mata a kaina. Ran nan ban san yadda na isa gida ba don murna.

Katakon ƙarshen ya kai tsawon hannuna. Da ya manna zanen na murje, sai na ga abin da ke kai: jan alƙalami uku masu kauri a kusurwar ƙasa, da wani siririn layi can sama. Shi ke nan. Ya shafa tafinsa a kan sauran katakon ya ce, "Duk wannan ki cire." Washegari za a yi masa aikin yanar ido, zai kwana biyar a gidan 'yarsa. Ya ba ni makulli ya tafi.

Na sassaƙe gefen layukansa cikin kwana ɗaya. Sannan na zauna ina kallon filin nan, katako lafiyayye mai kyau, wai in haƙe shi duka in zubar. Raina ya ƙi. Na ce a zuciyata, tsohon nan idonsa ne ya gaza, ƙarfinsa ya ƙare a layi huɗu, kunya ta hana shi faɗa. A gidanmu na san maganin wannan. Da idon Baba ya soma rauni, in ya bar kusurwar allo bai cika ba, ni nake lallaɓawa in cike, shi kuma ya yi kamar bai gani ba. Ɗan kirki shi ke rufa wa malaminsa asiri ba sai an roƙe shi ba. Za a kai aikin nan gaban Turawan Lyon su ce Malam Shen ya tsufa? Ba da ni ba.

Wallahi ban taɓa aiki irin na kwana huɗun nan ba. Na zuba wa filin zayyana tun daga sama har ƙasa, dagi cikin dagi, gidan dara, sarƙa, ganyen lalle, layuka sirara kamar gashi. Ko wurin ajiye ƙwayar gero ban bari ba. Da na gama, zumuɗi ya ɗebe ni, na ce bari in buga ya gani da sabon idonsa. Takardar gwaji ta ƙare. Na buɗe akwatin da ke saman kabad na ga wasu takardu masu laushi, launin madara, guda goma sha biyu. Na buga ɗaya, ta yi fari-fari. Na buga ta biyu, ta fito raɗau. Na rataye su, na share ɗaki, na dafa ruwan shayi.

Ya shigo da baƙin tabarau, 'yarsa ta ajiye shi ta wuce. Ya tsaya gaban takardun. Ina bayansa ina murmushi kamar wadda ta ci gasa. Ya daɗe. Sannan ya ɗaga hannu ya murza gefen takardar da yatsu biyu, ya juya ya dubi saman kabad.

Ya ce, "Nawa kika ɗauka?"

Na ce biyu.

Ya ce, "Malamina ya ba ni su ranar da zan baro gida. Ɗari ne a lokacin. Wanda ke yin irinsu ya rasu."

 Na soma bayani, na ce na ga wurin ya yi fili da yawa, na zaci idonsa ne. Ya ce, "Wata uku na yi ina rage zanen nan har ya koma layi huɗu. Filin shi ne kogin, Madmazel Rakiya. Kin cika mini kogi da kaya." Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya miƙo hannu, na sa masa makullinsa a ciki.

Kwana uku ina kwance a ɗakin Hajiya na juya wa duniya baya. Garin neman gira na rasa ido, kuma saura wata biyu da 'yan kwanaki izinina ya ƙare. A na huɗu Hajiya ta yaye mini bargo. Ta ce, "Tashi, sarauniyar gyara. An ce ki share ɗaki, kin yi wa mutum shafe da fenti." Ta dafa dambu da zogale, ta cika kwano, ta saka babban mayafinta na zuwa biki. Ta ce ba a aika yaro shi kaɗai ya ba babba haƙuri, ko a Sin ne.

Abin da ya faru a Belleville ran nan, da ba ni ce mai laifi ba da na yi dariya. Hajiya, da jikinta da ciwon gwiwarta, ta dire kwano gaban Malam Shen, ta ja ni muka durƙusa, ta shiga jero gaisuwa da Hausa, ya jiki, ya ido, ya iyali, ya haƙuri da yara. Tsoho ya rikice, ya rasa inda zai sa kansa, sai shi ma ya durƙusa. Muka zama mu uku a ƙasa, ba mai iya tashi sai ni. Ni na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya.

Hajiya ta ce da Faransancinta na kasuwa, "Yarinyar nan ba ta raina ka ba. Abin da take yi wa ubanta ta yi maka."

Ya sa na fassara masa zancen rufin asirin nan dalla-dalla. Ya ci dambu cokali biyu yana tunani. Sannan ya ɗauko katakon ya ajiye a gabana. Ya ce takarda ta tafi, ba ta dawowa, amma katako bai mutu ba, don abin da na bari a tsaye ana iya cire shi. Ya ce, "Ba zan rubuta wasiƙa ba. Ki kai wannan Lyon, zan ce su ba ki teburi. Ki yi ta cirewa da hannunki. In kin iso inda wuƙa ta ƙi, ki tsaya. Bayan kwana goma zan zo, a gaban Madam Kiler za ki buga." Ya buɗe akwatin ya naɗe takarda ɗaya ya ba ni. Ya ce, "Ɗaya ce. Babu ta biyu."

A Lyon Hajiya ta haɗa ni da Anti Saratu, wata Kirista 'yar kudancin Kaduna da ke aiki a kantin magani. Ta tare ni a tashar jirgi tana cewa, "Ke ce 'yar Nijar mai katako? Ku da kuke ce wa makaranta lakwal!" Na ce ai gara mu da ku masu ce wa kwano filet. Kafin mu isa gida mun saba. Ta ba ni gadonta ta koma kujera, ta nemo mini alƙibla a wayarta, ta ware mini tukunya guda ta ce wannan ba ta taɓa ganin abin da ba na ci ba. Ban roƙe ta ko ɗaya ba.

Makarantar na kan tudun da masaƙan siliki suka zauna a da, sai ka hau matakala har numfashinka ya ɗauke. Madam Kiler doguwa ce mai furfura, ba ta da wasa. Ta nuna mini teburi kusa da taga, ta dubi katakon ta ce aikin wuƙar ya yi kyau, ta tafi abinta.

Kwana huɗu ban cire abin da ya kai tafin jariri ba. In na sa wuƙa a kan dagi sai in tuna yadda na sha wuya a kansa, in matsa wani wuri, can ma haka. Aiki mafi kyau da na taɓa yi ne, aka ce in kashe shi da hannuna. Na ji haushin tsohon, na ji haushin Hajiya, na ji haushin kaina fiye da kowa.

Ran na biyar da hantsi na kira gida ta bidiyo. Ƙanwata ta kai wa Baba waya a zaure. Muka gaisa, ya tambayi sanyi, na ce ai yanzu zafi ake. Ban gaya masa halin da nake ciki ba, na ce dai bari in nuna masa aikina. Na ɗora wayar a kan katakon, ina jiran yabo, don in samu wanda zai goya mini baya. Ya kawo wayar daf da idonsa har ban ganin komai sai girarsa.

Ya ce, "Uwata, hannu ya yi kyau. Amma ina wurin rubutu?"

Na ce, "Baba, wannan ba allo ba ne, ba a rubutu a kai."

Ya ce, "Ko ma mene ne. Wa ya koya miki cika wuri haka? Ba ni ba. Shekara nawa kina zaune gabana, me nake fara yi in na ɗauki allo?"

Sai na tuna. Kafin ya tsoma alƙalami, yakan ɗora tafinsa a tsakiyar allon, ya ƙara yatsu uku, ya yi alama. Wannan wurin ba ya taɓa shi. Nan ne malamin mai sauka zai rubuta Fatiha. Ni idona na kan adon gefe, ban taɓa ɗaukar tsakiyar a bakin aiki ba.

Ya ce, "Filin nan shi ne allon. Mu 'yan rakiya ne." Sannan ya yi 'yar dariya ya ce, "Kusurwoyin da kike cike mini kuwa, ba duka ne ido ya hana ni ba. Wasu da gangan na bari. Na ga kina jin daɗi ne na ƙyale ki."

Kunya ta rufe ni, na ce, "Allah ya ƙara girma, Baba." Da muka yi sallama na ɗora tafina a tsakiyar katakon, na ƙara yatsu uku, na yi alama. Daga nan na fara. Wuƙa ta shiga dagin da na fi so, ya tashi ya faɗi ƙasa kamar ɓawon gyaɗa, ban mutu ba. Na ci gaba. Da tsakiya ta buɗe sai na ga layukan Malam Shen uku sun soma numfashi, na gane abin da ke kusa da su ma takura su yake yi. Na cire. Kwana biyar ina cirewa, Anti Saratu na shafa mini man zafi a wuyan hannu tana cewa ita ba ta taɓa ganin mai wahalar ɓata aikinsa irina ba. A ƙarshe abin da ya rage ɗan yanki ne can sama, ƙarƙashin siririn layinsa: rabin dagi da 'yan gidajen dara, gefensu a gutsure. Na kai wuƙa sau uku, hannuna ya ƙi. Na ajiye ta.

Ranar bugu Malam Shen ya hau matakalar nan da sanda, yana hutawa. Bai dubi katakon ba. Ya zauna, Madam Kiler na tsaye a bayansa hannu a harɗe. Na niƙa tawada, na gwada a farce, ta tsaya. Na ɗan jiƙa takardar yadda ya koya mini. Na shafa wa layukansa tawada mai kauri, nawa yankin na sa masa mai ruwa-ruwa. Na yi bisimilla a bayyane, ban damu da wa ke ji ba, na shimfiɗa takardar. Na goge bayanta. Na kama kusurwa biyu na ɗaga.

Ni kaina ban san abin da zan gani ba. A ƙasa ga duwatsunsa baƙaƙe, ko kuwa jan alƙalami ne kawai, ya danganta da inda ka tsaya. A tsakiya fari fat, faɗin kogi. Can ƙetare, a dushe, ga ɗan yankin zayyanata kamar katangar wani gari da ake hangowa daga nesa. Na ga Birni, wallahi, na ga zaurenmu. Hawaye ya zo mini, na kau da kai don kar ya ɗiga a takardar mutane.

Malam Shen ya cire tabarau ya sake sawa. Ya ce, "Hm." Na san wace ce wannan. Ya nuna yankina ya ce, "Ban san akwai gari a ƙetaren ba. Shekara arba'in ina zana kogin nan." Ya fiddo ɗan hatiminsa na dutse, ya taɓa jan launi, ya danna a kusurwa. Sannan ya miƙo mini alƙalami ya nuna wurin da ke ƙarƙashin hatimin. Na rubuta Rakiya Habu da ajami, ƙanana, yadda Baba ya koya mini.

Madam Kiler ta sunkuya ta daɗe tana duba inda wuƙa ta bi. Ta ɗago ta ce, "Ki biyo ni ofis da fasfonki. Yaya ake rubuta sunan nan da boko?"

Yanzu shekarata ta biyu ke nan a Lyon, izinin zamana a jaka. Takardun nan biyu da na ɓata, Malam Shen ya riƙe ɗaya, ya ba Hajiya Hinda ɗaya. Ta sa mata gilashi ta rataye a falo, kuma duk baƙon da ya zo sai ta gaya masa wannan ne na ainihi, na Lyon ɗin ba a gama shi ba. Na daina musu da ita.

Amma a ranar, da na fito daga ofis, ban sauka matakala ba sai da na kira gida. Na nuna wa Baba takardar a waya. Ya kawo ta kusa, ya kai ta nesa.

Ya ce, "Uwata, auna mini tsakiyar nan."

Na kai hannuna saman takardar ba tare da na taɓa ta ba. Na ce, "Daga inda na fara, tafi ɗaya da yatsu uku ne, Baba. Amma ya ƙi tsayawa nan, sai da ya kai tafi uku."

Na ji ya juya yana gaya wa mutanen zaure, da ƙarfi, yadda kowa zai ji: "Kun ji? Tafi uku ta bari. Ni shekara hamsin ban iya barin fiye da tafi ɗaya da yatsu uku ba."